Layin Inna Baraka

Na riga na ba da baki kafin Nuriyya ta zo, shi ya sa ranar ta yi mini tsawo.

Ni ne Halidu mai sitidiyo, nan bayan tashar mota a Dakoro. Ina cewa sitidiyo ne don kada a raina ni, amma ɗaki ɗaya ne da labule mai kauri da kwalayen ƙwai manne a bango. Yanzu duk aikina a ordinatar, wato kwamfuta, nake yin sa kamar kowa. Kayan da na fara sana'a da su kuwa suna jibge a kusurwa cikin ƙura: bafal biyu masu fitar da sauti, mikro uku, da na'urar ɗaukar sauti mai layi huɗu, irin mai cin kaset. Matata Shafa'atu ta sa wa kusurwar suna unguwar ɓeraye. Shekara da shekaru tana cewa in sayar da su mu sa fanno na hasken rana, tunda wutar garin ba ta da alkawari, ni kuma ina yi mata kunnen uwar shegu.

Sai ga Abdurrazak, wani mutumin Maradi mai bin garuruwa yana sayen tsofaffin kayan kiɗa yana aikawa Yamai. Ya ce a can akwai masu neman irin na'urata ruwa a jallo. Ya juya ta, ya leƙa bayanta, ya ce zai dawo ranar Alhamis ya ɗauka. Na ce na yarda. Shafa'atu ta yi mini tuwo da miyar kuɓewa a daren nan har da man shanu, abin da na manta rabona da shi.

Ranar Alhamis da hantsi amalanken jaki ya tsaya a ƙofata. Nuriyya ce, 'yar ƙanwar mahaifiyata, ta ɗauko uwarta Inna Baraka a kan tabarma da matashi biyu.

Wanda bai san Inna Baraka a da ba, ba zai gane abin da muka rasa ba. Zabiya ce. In ta buɗe baki a gidan biki a nan, sai an kai labarin Kornaka. Ba ta bar kowa ba, ni kaina ta taɓa sa ni a waƙa don na zo biki da takalmi wari da wari, har yau akwai tsofaffin da ke tuna mini. Wata takwas ke nan hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta tafi. Kalma ɗaya ta rage mata, "to". Ka gaishe ta, to. Ka tambaye ta ina ke ciwo, to. Nuriyya ta baro mijinta da 'ya'yanta a Ajekoriya ta zo ta tare a gindinta, ita ce wanka, ita ce juyi, ita ce ba da kunu da cokali.

Muka kama Inna muka zaunar da ita a kujerar masu waƙa. Nuriyya ta kwance bakin zanenta ta fito da kaset.

"Yaya, cikin kwallatta na gane shi. Rubutunka na bisa."

Rubutuna ne kuwa, na lokacin da nake ji da kaina. Na ɗauki Inna waƙa shida a ɗakin nan shekara ashirin da bakwai da suka wuce. Waɗanda muka buga muka sayar a kasuwa duk sun bi rana, wasu zafi ya narke, wasu yara sun zare zaren sun yi wasa. Wannan shi ne uwarsu, na asali. Da muka gama aikin ta karɓe shi ta ce muryarta ba ta kwana ɗakin wani.

"So nike in ji muryatta ko sau guda," in ji Nuriyya. "Wallahi na hwara mance yadda take kiran sunana. Na sa shi rediyon maƙwabta, sai wani gurnani kamar na sa."

"Kin sa shi rediyo? Wa ya aike ki?"

Na daka mata tsawa har jakin da ke waje ya motsa. Ina da wannan hali, ban ce yana da kyau ba. Ta sunkuyar da kai, ni kuma kunya ta kama ni, don ta ina za ta sani? Na'ura mai layi huɗu ba ta rubutu irin na rediyo. Gudunta ninki biyu ne, kuma kowace murya da layinta daban, mai waƙa a nasa, makaɗi a nasa, 'yan amshi a nasu. Kaset ɗin da ta rubuta, ita kaɗai ke iya karanta shi. A duk Dakoro kuwa babu irinta sai wadda ke kusurwar ɗakina, wadda na sayar da baki.

Na jawo ta na kakkaɓe. Na kwance murfin na leƙa. Robar da ke juya kaset ta narke ta zama baƙin danƙo, ta manne a ƙarafa. Na zauna ina kankarewa da tsinke da auduga da alkol irin na wanke ciwo, gumi na ɗiga daga haɓata. Ina cikin haka Abdurrazak ya yi sallama, da kwali da igiya a hannu.

"Malam Halidu, mi nike gani haka? Ba haka munka yi da kai ba."

Na gaya masa abin da ke tafe da baƙina. Ya gaida Inna da ladabi, ta ce to. Sannan ya ja ni gefe.

"Na'urar da ta shekara goma kwance, in ka ba ta wuta tana iya ƙonewa nan take. In ta ƙone, ni ba ni ɗaukar gawa. Kuma motar Maradi bayan azahar take tashi."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma ta ba ni haushi. Amma ba ƙonewar na'urar ce ta fi tayar mini da hankali ba. Na san halinta. Na sha ganin ta kama zaren kaset ta tauna ta tofo shi a cukurkuɗe, a lokacin ma tana da ƙuruciyarta. Zaren da ya shekara ashirin da bakwai cikin kwalla a zafin Dakoro ba ya jure ja. In ta cinye shi, muryar Inna Baraka ta ƙare a duniya, kuma da hannuna. Na so in ce wa Nuriyya ta mayar da shi kwalla, aƙalla a san yana nan. Na dube ta, ta rame har wuyanta ya yi tsawo, tana goge wa uwarta yawu da gefen mayafi. Ban iya faɗa ba.

"Ba ni awa guda," na ce wa Abdurrazak.

Ya zauna a kan kwalinsa yana duba salula, wayarsa ta hannu.

Na ɓalle wata tsohuwar rediyo daga tarkacen na cire robarta. Ta ɗan yi sako-sako, amma ta zauna. Na wanke kan da ke karanta zare har auduga ta daina baƙi. Na fara gwadawa da wani kaset na banza, na sa wuta ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Fitila ta kama. Wani wari ya tashi kamar na ƙurar da ta ji zafi, na'urar ta yi ƙara, ta juya. Na bar ta minti biyar, ba ta tauna ba. Na juya kaset ɗin Inna da alƙalamin bik a hankali daga farko har ƙarshe don zaren ya saki jikinsa, ina jin yadda yake ɗan mannewa yana sakewa. Ga kuma wuta, wadda ke iya ɗaukewa a tsakiyar aiki ba sallama.

Na sa shi. Na yi bisimilla na danna.

Shuuu na tsohon zare ya fara fitowa. Sai kalangun marigayi Abarci ya shigo, tas, kamar yana zaune a bayan labule. Sai 'yan amshi, Maraya da Hawwa'u, da muryoyinsu na 'yan mata:

"Taka sannu, ƙasar ubanki ce."

Daga nan Inna ya kamata ta karɓa. Ba ta karɓa ba. Kalangu ya ci gaba shi kaɗai, ya bar mata fili daidai tsawon baitinta, babu kowa a ciki. 'Yan amshi suka sake dawowa suna amsa wa wadda ba ta yi magana ba.

Na dubi allurar layi na ɗaya, layin muryar Inna, tana kwance ba motsi. Na tura maɓallin sama, na dawo da shi ƙasa, na hura masa iska, na ɗan buga gefen na'urar. Shiru. Ko layin ne ya mutu a cikin na'ura, ko muryar ce ta goge daga zaren, ban sani ba, kuma ba yadda zan sani sai na tsayar. Tsayarwar ma tsoronta nake, don a nan ta fi kama zare.

"Yaya, ina Inna?" Nuriyya ta tambaya. "Ina muryatta?"

Ban juya ba. Ba ni da fuskar da zan nuna mata. Na kai yatsa kan maɓallin tsayarwa, sai na ji wani gunji ƙasa-ƙasa. Na ɗauka bafal ne ya fara ɓaci, har na kai kunne. Ba daga nan yake ba, daga bayana yake.

Inna Baraka ce. Idonta a rufe, hannunta na hagu yana buga cinya daidai da kalangu. 'Yan amshi suka sauke, filin ya buɗe, ta shiga da gunjin nan ba kalma. Suka sake zagayowa. A karo na uku bakin da ya karkace ya buɗe, murya ta fito a shaƙe, a tsufe, amma a kan kiɗa daram:

"Ina ɗiyar Hama, mai tuwo ba gudaji."

Baitin da ke kan zaren ke nan, na tuna shi, na wata amarya da yanzu ta yi jikoki. Abdurrazak ya ajiye salularsa. Ni kuwa ido ɗaya a kan Inna, ɗaya a kan zaren da ke juyawa, ina roƙon Allah kada robar nan ta zame yanzu.

"Taka sannu, ƙasar ubanki ce."

Inna ta buɗe ido. Zabiya ba ta maimaita sunan amaryar bara, wanda ke gabanta take yi wa waƙa. Ta dubi 'yarta.

"Ina ɗiyar Baraka... Nuriyya."

Nuriyya ta zube a ƙasa ta kama gwiwoyin uwarta. Amshi ya wuce, fili ya sake zuwa.

"Nuriyya ta gaji, ba ta hwaɗi ba."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ƙato da ni, da furfura a gemu, na tsaya gaban baƙo ina sharar hawaye da hannu mai baƙin danƙo.

Waƙar ta kai ƙarshe, Abarci ya yi bugun rufewa. Na tsayar da na'urar, ta tsaya lafiya, zare bai kama ba.

"Inna, sake hwaɗi," in ji Nuriyya tana girgiza ta. "Inna, kira ni."

Inna ta motsa baki, ta yi ƙoƙari har jijiyar wuyanta ta tashi.

"To," ta ce.

Abdurrazak ya yi gyaran murya. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce ga dukkan alamu layi na ɗaya ne ya toshe da datti, ƙaramin aiki ne, zai ɗauke ta a haka. In ina so in kwafe kaset ɗin a ordinatar tukuna, zai jira motar gobe.

"Na ba ka baki, kuma na ji kunyarka," na ce. "Amma ba ta tahiya ko'ina."

"Uwargida hwa?"

"Wannan hwaɗan nawa ne, na saba."

Ya naɗe igiyarsa, ya durƙusa ya yi wa Inna sallama, ya bar mini kwalin.

Da ya fita na ɗauko abin kwance ƙusa. In datti ne kamar yadda ya ce, kafin la'asar zan buɗe layin, Nuriyya ta ji muryar uwarta ta da, mai kaifin nan da ta ɗauko amalanke dominta. Ina kai hannu kan murfin ta riƙe mini wuyan hannu.

"Yaya, bar shi hakanan. Kada ka gyara."

"Ba muryatta kika zo ji ba?"

"In waccan murya ta da ta hito, wagga ta yanzu shiru za ta yi." Ta share fuska. "Maida kaset ɗin baya. Akwai abin da nike son tambaya tata, ko ta amsa mini cikin waƙa."