Hannun Baba a Cikin Tsohuwar Saba

Tsohuwar kwamfutar da ke riƙe da imel ɗin shagonmu na albasa a Goronyo ta fi shekara goma tana gurnani a gefen randa. In rana ta take sai na rataya mata jiƙaƙƙen buhu a bango don ta sha iska. Da ta fara mutuwa sau uku a yini, na kira Mashkura, mai gyaran kwamfuta daga Wurno.

Ta zo da wata ƙaramar saba ta hannu, wato kwamfutar da za ta maye gurbin tsohuwar, iya abin da ƙarfina ya kai ke nan.

"Anti Sa'adiya, cikinta ƙarami na," in ji ta. "Wasiƙu za su shiga, amma hotunan ga sai an zubar. Mi za ki yi da hoton albasa dubu huɗu?"

Na ce ta share, ni ma albasar ta ishe ni. Ta tafi sallar azahar, ta bar ni in duba kafin ta dawo.

Fanka na juyawa a hankali, warin albasa na shigowa daga rumbu, idona ya yi nauyi. Na buɗe hoto ɗaya. 'Yan kasuwar kudu ba sa aiko mota sai sun ga girman kaya, don haka marigayi Baba kan ɗora albasa a tafinsa a ɗauka. Shi kuwa mutum ne mai taurin kai, har ya koma ga Allah bai yarda an ɗauki fuskarsa ba, ban da ta katin zaɓe da ya ɓata.

Ga hannunsa nan. Ga zoben azurfa, ga tabon lauje a babban yatsa. Na yi ta dannawa, shekaru na wucewa. Albasa na girma tana ƙanƙancewa, hannun yana ramewa, zoben ya koma yatsan tsakiya don kada ya zame. Sai na ji kamar ina fadama da shi, ruwan dam na bin kwalbati, yana yi mini faɗa wai na taka masa iri. Kewarsa ta kama ni sosai.

A hoton ƙarshe akwai wani hannu mai jan lalle a ƙasan nasa, ya tallafe shi don ya daina rawa. Nawa ne. Wallahi na manta na taɓa yin haka.

Mashkura ta dawo tana gyara mayafi. "In share?"

"Hoto nawa ɗiyar sabar ga taki ka iya ɗauka?"

"In munka matsa, ɗari."

Har la'asar muna zaɓe, tana tsaki ina harararta. Ta duba waɗanda na ware ta ce, "Anti, ai duk ƙananan albasa kinka zaɓa."

Na ce mata eh, su ne ba su rufe tafin ba.