Direban Asabar

Delbert Haugland mutum ne da ko kasuwa ba ya zuwa sai da tsari. Tun ranar da matarsa Lorna ta ce tana so su yi murnar zagayowar ranar aurensu da yawo a kwarin kogin Willamette, ya baje taswira a teburin cin abinci, aka koma ci a tsaye a kicin. Daga Portland za su tashi, su ratsa Newberg, su hau tuddan Dundee inda gonakin inabi suke jere, ga shi lokacin tsinka ne, ganye ya soma ja da rawaya. Za su riƙa tsayawa gona-gona suna ɗanɗana giyar kowane gida. Amininsa Tollefson da matarsa ma sun ce da su za a je. Komai ya zauna daram, sai abu guda: wa zai tuƙa?

Kowa ya san yawon giya sai da mutum ɗaya da ba zai kai kofi baki ba tun safe har yamma. Tollefson ya ce gwiwarsa ba ta son birki. Lorna ta ce ai bikinta ne. Shi kuwa Delbert, bayan duk wahalar da ya sha a kan taswira, ba zai zauna yana kallon wasu suna lasar baki ba.

Dabarar ta zo masa yana aski, har ya yi wa kansa murmushi a madubi. Ga Yaya Orrin nan, ai an ce ya daina sha.

Orrin shi ne babba a ɗakinsu, Delbert auta. Giya ta raba Orrin da aikinsa, ta raba shi da matarsa, ta raba shi da lasin tuƙi. Rabon su haɗu tun ranar jana'izar mahaifinsu, da Orrin ya shigo coci yana tangaɗi, Delbert ya kama shi ta wuyan riga ya fitar da shi a gaban jama'a. A bakin dangi Delbert ya ji cewa Orrin ya shiryu, an mayar masa da lasin, yana jan motar katako a wani kamfani.

Da ya kira shi, ya yi niyyar faɗin maganar a fili. Amma yana cewa, "Yaya, za mu fita yawo kwari ranar Asabar, ko za ka zo?" sai Orrin ya ce, "Ni? Auta, ka tabbata lambata ka so kira?" Yadda muryar ta yi rawa shi ya ɗaure wa Delbert harshe. Ya ce masa ya zo ranar Lahadi su duba hanya tare, a ransa yana cewa in ya zo ya faɗa masa.

Ranar Lahadi da rana sai ga Orrin, ya sha aski, riga ta sha guga har tana ƙyalli, hannunsa riƙe da ƙunshin kyafaffen kifi da ya kyafa da kansa. Ya rame, amma idonsa fes.

"Auta, wannan tumbin fa? Kai kaɗai kake cinye abincin gidan, ko kana rage wa baiwar Allah?"

"Bar shi, Yaya Orrin," in ji Lorna tana dariya. "Tun da ya shimfiɗa takardar nan ko kujerar zama ba mu da ita."

Orrin ya sunkuya a kan taswirar, ya sa tabarau, yana bin jan layin da yatsa. Delbert ya tsaya a bayansa yana juya maganar a baki. Yanzu zai faɗa. To, bari dai ya zauna tukuna. Bari a zuba masa kofi.

"Kai, ka bi babban titi, ka bar kogin gaba ɗaya," in ji Orrin. "Wane irin yawon kwari ne ba a ga ruwa ba? Duba nan. In muka sauka ta Dayton muka yi kudu, sai mu hau jirgin fito da motar. Ka tuna? Baba yana kashe inji, ya ce mu fito mu tsaya a jikin ƙarfen gefen jirgin. Kai kana kuka wai jirgin zai nutse da mu."

"Ban yi kuka ba."

"Ka yi, har da majina. Ni na ɗauke ka a wuya."

Delbert ya tuna sarai. Ya tuna hannunsa cikin gashin Orrin, da sanyin da ke tasowa daga ruwan. Sai ya hau yanka kifin da ba wanda ya ce ya yanka.

Yatsan Orrin ya kai kan tuddan da Delbert ya zagaye sunayen gonaki da jan biro. Ya ɗan tsaya. "Wuraren giya ne waɗannan, na sani, kada ka damu. Ku shiga abinku, ni zan zaga cikin gona in sha iska. Na yi shawara da mutanen taronmu na masu daina shan giya, wasu suka ce kada in je, wuri ne mai santsi ga irina. Na ce musu ƙanena ne ya kira ni, ko cikin randar giyar ce zan je." Ya yi dariya, ya kurɓi kofi. "Asabar ɗin ma ita ce ranar da nake cika shekara ban sha ba. A wurinmu ana ba mutum ɗan kwabon tagulla, a yanka kek, a ce ya zo da wani nasa. Na ce su ɗaga zuwa wani makon. Dama ban san wa zan kawo ba."

Lorna ta dubi mijinta. Kallon nan Delbert ya san shi, na ka faɗa masa ko kuwa? Ya kau da kai. Kunya ta riga ta kama shi tun daga tafin ƙafa, ya fara lissafin yadda zai gyara abin a ɓoye: ya ɗauko direban haya, ko shi ya haƙura da shan ya tuƙa, Orrin ba zai taɓa sani ba. Har ya fara jin sanyi a ransa.

Sai wayarsa ta yi ƙara a kan taswira. Hannunsa duk man kifi, Lorna ta danna masa ta buɗe murya.

"Mista Haugland? Daga gonar da kuka kama wuri ne, ina so in tabbatar da zuwanku ranar Asabar." Muryar wata mata ce, sai fara'a take zubawa. "Masu ɗanɗano ku huɗu, sai direbanku. Yayanka ne da ba ya sha, kamar yadda ka faɗa mana makon jiya, ko? Kada ka damu da shi, muna da benci a inuwa a waje domin direbobi, da lemo kyauta. Za mu ɗaura masa ɗan zare a wuyan hannu don kada yaranmu su yi kuskure su zuba masa."

Delbert ya dafe wayar da hannun mai, ta zame, ya sake dafewa har ta mutu. 

Orrin ya cire tabarau, ya ninke, ya sa a aljihun rigar gugar nan. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da ya fi wa Delbert sauƙi.

"Makon jiya," ya ce. "Ni kuwa shekaranjiya ka kira ni."

"Yaya, ba haka ba ne. Wato da farko..."

"Ai ba laifi ba ne, Auta. Mota tana son direba. Da ka faɗa min tun a waya ma da na amsa." Ya miƙe, ya mayar da kujera mazauninta a hankali. "Lorna, na gode da kofi. Kifin kada ya kwana a waje."

Lorna ta rufe baki da hannu. Delbert ya bi shi waje da tsumman goge hannu a kafaɗa, yana ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A bayan akori-kurar Orrin ya hango sandunan kamun kifi guda biyu a kwance a kan bargo. Na mahaifinsu ne. An goge su, an sa musu sabon zare. Orrin ya ga inda idonsa ya sauka, ya ja bargon ya rufe su.

"Na ɗauka za mu ɗan tsaya a bakin ruwa ne," ya ce. "Ba komai."

"Za mu tsaya. Don Allah, Yaya, ka saurare ni. A fasa gonakin, a fasa su Tollefson. Ni zan tuƙa. Ko mu je taron naku, in zauna a gaba, a ba ka kwabon ina kallo."

"Na riga na ce su ɗaga." Orrin ya shiga mota, ya ja ƙofa, ya sauke gilashi. Fuskarsa ba fushi, irin fuskar da mutum yake yi wa wanda ya ɗauke shi aiki ce. "Bikin Lorna ne, kada ka ɓata mata. Na ce zan zo, zan zo. Yanzu in na faɗi abu ina cikawa. Ƙarfe nawa zan ɗauke ku?"

"Yaya..."

"Ƙarfe nawa, Mista Haugland?"

Delbert ya buɗe baki zai ce ya yafe masa, zai ce ya tuna jirgin fiton, ya tuna kukan, ya tuna wuyan da aka ɗauke shi a kai. Duk suna nan cunkushe a ƙirjinsa. Amma ya kwana biyu yana haddace tsarin nan, sai ya ji bakinsa ya riga shi.

"Tara," ya ce.

Orrin ya gyaɗa kai, ya tayar da mota.