Shawa a Kasuwar Shanu

Kyari dillali ne a Kasuwar Shanu ta Potiskum, dogo, siriri, fari. Tun zuwansa daga Borno abokin aikinsa Zakari ya laƙaba masa Shawa, sunan ya bi shi. Shi kuwa "Shuwa" yake ji, wato Larabawan nan na Borno. Ya ɗauka yabo ne saboda hasken fatarsa da sanin shanu, don haka da fara'a yake amsawa.

Kifin da ya sani bandar Baga ce. Bai taɓa kula na ƙanƙara ba sai ranar da matarsa Gumsu ta ce shi take marmari. Ya tsaya wajen wata mai suyar kifi a unguwar Dogo Nini.

"Wanne za a ba ka, Alhaji? Taitus, kote ko shawa?"

"Me kika ce na ƙarshen?"

"Shawa." Ta ɗago wani siririn kifi daga mai. "Na teku ne, daga kudu ake kawo shi. Ya fi kowanne araha, don ba tsoka, ƙaya ce zalla."

Kyari ya ƙura wa kifin ido. Ya tuna yadda ake ƙwala masa kira daga can ƙarshen kasuwa, yana ɗaga hannu, ana dariya. Ya juya bai sayi komai ba.

Washegari ya tarar da Zakari yana shan shayi cikin dillalai.

"Shawa, an fito?"

Kyari ya doke kofin daga hannunsa.

"Ni za ka mayar kifi? Ni, da iyalina?"

"Haba Malam Kyari, wasa ne fa. Na zaci ka sani."

"Ka zaci? A gaban surukina ka kira ni haka, ina ta washe baki kamar wawa!"

Ya ci kwalarsa yana jijjigawa, da ƙyar dattawa suka raba su.

A gida ya kwashe komai ya faɗa wa Gumsu. Ta sunkuyar da kai.

"Ai kowa ya sani, Baban Amir. Ni ma a unguwa matar Shawa ake ce mini."

"Kuma kika yi shiru?"

"Na ga kana jin daɗin sunan."

Ranar bai ci tuwonta ba. A makon ya koma ɗaya ɓangaren kasuwar, wajen masu lodin tirela. Zakari ya aiko mutane biko har gida, Kyari ya ƙi fitowa. Har yau ko a masallaci suka haɗu, sai ya sake sahu.