Ranar da Akuya Ta Yi Mini Intabiyu

Jiya da dare na yi wani mafarki. Na tarar da yayata Ramlatu tana sa'insa da wata akuya mai gilashi.

"Ba zan sa masa hannu ba!" in ji Yaya.

"Hajiya, doka ce," in ji akuyar. "A nan namiji ba ya aiki sai mace ta tsaya masa."

Ni ake nufi. A farke kuwa, Yaya ce ta koyi haɗa sola, kamfani ya ce sai namijin gida ya sa hannu a fom ɗinta. Ni ne namijin. Na ƙi. Na ce hawa rufi ba na mace ba ne. Shekarata biyu da gama sakandare, benci nake ɗumamawa.

A mafarkin, ofishin akuyar a kan rufi yake. Ta ko'ina mata ne bisa tsani, suna yanka rana gunduwa-gunduwa suna shanyawa a igiya. Ruwan sama na tashi daga ƙasa. Aka ce in ɗigon ƙarshe ya shige gajimare, an rufe ɗaukar aiki.

Akuyar ta karɓi takardata ta cinye.

"Lissafinka ba gishiri. To Malam Nafi'u, in ka yi aure, matarka za ta bar ka ka ci gaba?"

"Ba ni da mata."

"Wa zai riƙe yaran?"

"Waɗanne yara?"

Ta jawo durowa. Yara bakwai suka fito suna Baba, Baba. Na ƙarshen yana da gemu.

Sai ga ni a layin maza, layin kuma baya yake tafiya. Wani dattijo ya taya ni murna, wai saura kaɗan in isa gida.

Saura ɗigo uku.

"Yaya, don Allah!"

Ta leƙo daga tsani, da ƙusa a baki. "Autan Inna, hawa ba na maza ba ne. Rana za ta ɓata maka fata."

Matan suka kwashe da dariya har da guɗa. Ni ma na yi, don akuyar ta ce yana cikin sharuɗɗa.

Ɗigon ƙarshe ya wuce ta gefen kunnena. Na kai masa cafka.

Ƙarar ƙyauren gida ta tashe ni. Na wawuri biro na fito tsakar gida ba takalmi. Inna na tankaɗe. Ƙusar da fom ɗin ya kwana uku a rataye babu komai a kanta, akwatin kayan aikin Yaya ma babu.

"Inna, wa ya sa mata hannu?"