Ɗakin Geron Maimuna

"Inna, ke nika saurare," in ji Yusha'u. Yana tsaye a tsakar gida da takarda a hannu, kekensa jingine da danga. "Sun ba ni makaranta Gusau, Litinin za ni hwara koyarwa. Ko in kama ɗaki can kusa da aiki, ko in zamna nan gida in riƙa zuwa da keke. Abin da kika zaɓa shi za ni yi."

Maimuna ba ta juyo ba. Ta ba shi baya tana dama fura, ludayi yana ta bugun gefen ƙwarya. Ni ta ɗaga ido ta duba, ni da na shigo aron rariya kawai na tarar da shari'a.

"Saude," ta ce, "hwaɗa ma wancan, ni mi na sani ga aikin gwamnati? Ya yi abin da ya hi mai sauƙi."

Na juya na maimaita masa kamar ba a gabansa aka faɗa ba. Haka muke yi kullum, ni ce bakin Maimuna in ɗanta yana gida. Mu ma Hausawa muna kunyar ɗan fari, amma tamu wasan yara ce in aka gwada da ta Filani, dangin Maimuna. Maimuna ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta cin abinci yana kallo. "Wancan" take ce masa, ranar da take cikin nishaɗi kuma ta ce "mai keke". Akwai wani Yusha'u mai sayar da gishiri a unguwarmu, shi ma bawan Allah ya rasa sunansa a bakinta, ya koma "mai gishiri".

Yusha'u ya ɗan jira ko za a ƙara wani abu. Ba a ƙara ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce to, zai je ya duba ɗakuna. Yana fita ludayin ya tsaya cak.

Shekara uku ke nan a lokacin da Maimuna ta zama maƙwabciyata a Kwatarkwashi, can gindin dutse inda gidaje suka ƙare. Shekarar fari ce ta kawo ta, shekarar da ruwan sama ya ƙi sauka. Shanunsu sun zube ɗaya bayan ɗaya, mijinta ya bi su kafin damina ta zagayo, 'yarta kuma ta bi miji da ragowar garkensa suka yi kudu, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Saura Yusha'u kaɗai. Shi ma ba a hannunta ya girma ba. Tun yaye kakarsa ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi wa ɗan fari, daga can aka kai shi makarantar kwana, daga nan sai kwalejin horon malamai. Ya dawo mata dogo, da agogo a hannu da alƙalami a aljihun riga, ya san al'adar a kai amma bai san yadda ake jin maganar da ke ƙarƙashin shirun ba.

Ni na sani, domin tun watanni biyu kafin takardar ta zo ta kama mijina Dogo ya gina mata ɗaki a gefen nata. Ita da kanta ta yi daɓen ƙasa, tana bugawa da hannun hagu kaɗai. Na tambaye ta ɗakin wa ake wa wannan gata, ta ce na gero ne. Na ce, "Ke da gonarki ba ta hi tabarma ba, wane gero?" Ta yi dariya ta ce in bar ta da tsiyata.

Hannun nan na hagu shi ya tona ta. Na lura ta daina jan guga da dama, ta daina ɗaga taɓarya. Wata rana da hantsi na rutsa ta a ɗaki na ce sai ta nuna mini. Da ta kwance zane na ga abin da ban so gani ba: ƙari ne a nonon dama, ya yi tauri, fatar wurin ta fara fashewa. Na ga irinsa a jikin yayata, na kuma san inda ya kai ta.

"Gobe mu tahi asibiti Gusau," na ce. "Ga ɗanki can, shi zai shige muna gaba."

"A kwantar da ni gaban wancan, a buɗe man ƙirji?" Ta ja zanen ta ɗaure. "Gara in mutu."

"To ki bari in hwaɗa mai ya dawo gida. Ba sai ya san mi ka damunki ba."

Ta kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Amana na ba ki, Saude. Uwa ba ta roƙon ɗan hwari. In zai zamna, ya zamna don kainai. In kika buɗe baki, ban yahe miki ba har gaban Allah."

Na yi alkawari. Ni Saude da duk Kwatarkwashi ta san bakina ba ya riƙe ko sirrin miya, ranar na yi alkawari, kuma kaicona, shi ne kaɗai wanda na taɓa cikawa.

Yusha'u ya sami ɗaki a Gusau, a Tudun Wada. Ya zo yana ba ni labari da murna: rufin kwano, famfo a ƙofar gida, ga lantarki, kuma in aka kaɗa ƙararrawar makaranta daga ɗakin yana ji. Da farko duk Asabar sai ya zo, da sukari da sabulu ɗaure a bayan keke. Maimuna tana jin ƙarar keken daga nesa sai ta miƙe, ko da ta wuni kwance. Ta wanke fuska, ta yafa mayafi har ƙirji don kada ya ji warin ciwon, ta ajiye masa fura a inuwa, sannan ta zagayo gidana ta zauna bayan danga. Daga nan take leƙensa ta tsakanin karare har ya shanye. In ya rage ko kurɓi biyu ne sai ta dame ni da tambaya ko nonon ne ya yi tsami.

Shi kuwa abin da ya gani shi ne duk ya zo uwarsa ta bar gidan.

Da aka yi hutun farko ya same ni ina soya ƙosai da safe. Ya tsuguna gefen murhu, ya daɗe yana wasa da tsinke a ƙasa.

"Gwaggo, akwai wani malami ɗan garin nan da ka zuwa Gusau kullum da keke. Ya ce in an yi sammako ana isa kan a buga ƙararrawa. Na yi tunanin in saki ɗakin can in dawo." Ya ɗago ya dube ni. "Amma ki hwaɗa man gaskiya. Ba takura ta zan yi ba? Ko abinci ba ta ci in ina nan. Na ga duk ta rame."

Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Na san ba komai ake buƙata ba sai kalma biyu, dawo gida. Na tuna hannunta a wuyan hannuna, na tuna "har gaban Allah", sai na juya ƙosai wanda bai isa juyi ba.

"Uwa ce dai," na ce. "Ka tambaye ta da kanka."

Ya kuwa tambaya, ina tsaye. Ya nuna sabon ɗakin da asabari ya rufe ƙofarsa, ya ce, "Inna, wanga ɗaki na wa ne?"

Na ga bayanta ya motsa. Na yi ta addu'a a zuci Allah ya kwance mata harshe sau ɗaya tak.

"Saude, ce mai na gero na."

Ya gyaɗa kai. Ya koma Gusau tun hutun bai ƙare ba. Daga nan zuwan ya koma bayan mako biyu, sannan wata-wata. Bai daina aike ba, sukari da sabulu suna zuwa ta hannun malamin nan mai keke, har suka taru a ƙarƙashin gadonta ba ta taɓa su ba. Na ji haushinsa, na ji haushinta, amma haushin kaina ya fi yawa.

Da bazara ta shigo ciwon ya gama cin ta. Mun gwada sassaƙe da turare da rubutu, ba wanda ya yi komai. Ni nake wanke mata wurin safe da yamma, in kore ƙudaje, in ɗura mata kunu da ludayi. Duk Asabar da hantsi sai ta ce in ɗaga mata asabarin ƙofa, wai iska take so. Hanyar da ta taho daga bakin titi take kallo.

Ranar wata Laraba na shiga da safe na ga idanunta sun faɗa, numfashi yana fita da ƙyar. Ban nemi izininta ba. Na tura Dogo bakin titi, ya tsayar da wata motar kaya da ta fito daga Tsafe, ya roƙi direban ya biya makarantar su Yusha'u ya ce ya zo maza. Na ce wa kaina ai ban faɗi ciwon ba, kira kawai na yi.

Bayan azahar ta buɗe ido.

"Kun aika?"

"Mun aika."

"Wa ya sa ku?" Can kuma ta ce, "Ya iso?"

"Yana hanya."

Ta juya kai wajen ƙofa. Zafi ya kwanta a tsakar gida, ko kaji sun shige ƙarƙashin rumbu. Leɓunanta suka motsa, na sunkuya na ɗauka ruwa take so.

"Yusha'u," ta ce.

Na ɗauka kunnena ne. Sai ta sake faɗa, a hankali, tana jan kowane gaɓa kamar mai ɗanɗana abin da aka daɗe da hana ta. "Yusha'u." Ta ɗan yi murmushi, har da rufe baki da gefen mayafi, ta ji kunyar kanta. Na yi mata kalmar shahada ta bi ni. Ba ta kai la'asar ba.

Direban sai da ya sauke kayansa a kasuwa kafin ya tuna da saƙon. Da irin zafin nan kuma liman ya ce ba za a ajiye gawa ba. Yusha'u ya iso rana ta yi ja, rigarsa jiƙe da gumi, ya haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta da makara ba kowa a ciki. Dogo ya ce ko kuka bai yi ba, ya dai sauka daga keken ya tura shi da hannu har gida.

Washegari da safe, kafin masu ta'aziyya su taru, ya shigo wurina. Na faɗa masa ciwon duka, tunda wadda ta ɗaure ni ta tafi. Ya saurara kansa a ƙasa.

"Wata bakwai tana haka," ya ce, "ni ina can ina jin daɗin hwanho da lantarki."

"Ita ta hana a hwaɗa maka."

"Na sani. Ba ta son in kusance ta." Can ya ce, "Ta bar wata magana?"

"Ta kira sunanka. Sau biyu."

Ya ɗago ya dube ni, kallon da malami yake yi wa ɗalibin da ya kama da ƙarya, sai dai babu faɗa a ciki, gajiya ce kawai.

"Gwaggo, na gode. Na san don ki sanyaya man rai kika hwaɗa. Amma shekarata ashirin da uku, Inna ba ta taɓa hwaɗin sunana ba. Kada ki ɗora mata abin da ba ta yi ba."

Na rantse da Allah, na rantse da kabarin uwata. Ya ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa tsohuwa don ta yi shiru. Ba ni da shaida, mu biyu ne a ɗakin, kuma kowa ya san Saude da ƙarin gishiri. Raina ya ɓaci, hawaye suka zo mini. Na miƙe na ce ya biyo ni, ai gado ya ci, ya zo ya ga geron uwarsa.

Na ɗage asabarin sabon ɗakin. Gadon kara ne a gefe da sabuwar tabarma a kai, ƙura ta kwanta mata. Ga fitilar ƙwai da ba a taɓa kunnawa ba. Ga ɗan tebur da kujera, waɗanda ta sayar da tunkiyarta ta ƙarshe ta sa kafinta ya yi, don ta ji an ce malaman makaranta ba sa rubutu a ƙasa. Ƙafa ɗaya ta teburin ta gaza, ta tokare ta da guntun fasasshiyar tukunya.

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba. Ya duba lungu ɗaya, ya duba ɗayan.

"Babu gero," ya ce.

"Ko tsaba."

A gefen ƙofar akwai wani itace mai reshe biyu da ta kafa a ƙasa. Ya tambaye ni na mene ne. Na ce wata Asabar yana shan fura ta lallaɓa ta auna tsawon kekensa da kara, washegari ta kafa shi.

Ya je ya ɗauko keken daga jikin danga, ya turo shi a hankali, ya jingina. Ƙarfen ya zauna daidai a tsakanin rassan biyu, ba ragi ba ƙari. Ya saki hannu, keken ya tsaya.

Aka yi sallama a ƙofar gida, masu ta'aziyya sun fara isowa. Ya tafi ya zauna da su a tabarma. Bayan sadakar bakwai ya koma Gusau a motar haya, bai ƙara kwana a garin nan ba. Keken yana nan inda ya bar shi. Da damina ta sauka tayoyin suka sace, kabewar da ta tsiro a gindin danga ta miƙo ta naɗe wayoyin ƙafar baya.