Ranar da Trofim Ya Tashi Kwasakwasa

Mutum shida ne suka shiga kwalekwalen Trofim a mashigar Jurilovca ranar Talata da safe, ƙaraminsu yana da shekara sittin da takwas. 'Yan fansho ne daga Holan, kowa da madubin hangen nesa a wuya da ɗan littafin rubuta tsuntsayen da ya gani. Irinsu ke zuwa a watan Afrilu. 'Yan ƙasa sai zafi ya kankama, su ma wanka ke kawo su.

Shekara talatin da ɗaya Trofim yana kamun kifi kafin a hana jefa raga a wannan gefen tafkin. Abin da ya rage masa takardar izinin ɗaukar baƙi ce, ita ma bara an buga mata jan hatimi saboda ya matsa kusa da sheƙar kwasakwasa, manyan tsuntsayen ruwan nan masu jaka a ƙasan baki. In ya sake, ƙwacewa ce.

Mirela, mai yi wa baƙin tafinta, ta zauna a gaba.

"Kawu Trofim, yau a bayan tutocin iyaka za mu tsaya, ka ji ko?"

"Ke 'yar birni, tun ana goyon uwarki nake cikin ruwan nan."

"Ai shi ya sa nake tsoronka."

Daidai tutocin ya kashe inji. Can gaba, a kan tsibirin kyauro, kwasakwasa sun fi ɗari biyu suna kwance kan ƙwai. Aka yi awa guda ko ɗaya bai motsa ba. Wani dattijo mai suna Wouter, tsohon likitan haƙori, ya sauke kyamararsa ya yi magana a hankali.

"Me ya ce?" in ji Trofim.

"Wai zuwansa uku ke nan bai taɓa samunsu a sama ba. Kuma likita ya ce masa baɗi ba tafiya. Ba roƙonka yake ba fa, Kawu, labari yake yi."

A gidan su Trofim baƙo ba ya tafiya hannu rabbana. Kwasakwasa kuwa a wurin masunci ɓarawon kifi ne, kuma yadda ake korarsa daga raga kowa ya sani. Ya ɗaga filafilin tuƙi ya buga a gefen kwalekwalen sau uku.

Tsibirin ya tashi gaba ɗaya. Manyan ƙafafu suka tattake sheƙuna, ƙwai suka gangara ruwa. Kafin iyayen su kewayo, hankaki sun sauko daga bishiyoyi sun fara fasa na sauran. Wouter ya rufe fuska da hannu. Mace ɗaya ce kawai ta ɗauki hoto, ita ma Trofim ta ɗauka, da filafilin a hannunsa.

Da suka dawo, Dorin, mai gadin gandun tsuntsayen, yana tsaye a mashiga. Mijin ƙanwar Trofim ne.

"Yaya, miƙo takardar."

"Ban tsallake tuta ba, Dorin. Je ka auna."

"Na sani. Hoton ya riga ku zuwa, har shugabana ya gani."

"Gobe akwai mutum takwas daga Jamus."

"Vasile zai ɗauke su a nasa kwalekwalen."

Trofim ya zaro takardar daga ledar da yake naɗe ta saboda ruwa, ya miƙa. Sannan ya juya ya ba Wouter hannu don ya sauka. Dattijon ya kama ƙarfen mashigar, ya hau da kansa.