Rabin Ƙofar Tela

Da aka ce za a rushe layin tsofaffin shaguna a faɗaɗa titi, Tela ya yi kwana uku ko zare ya kasa zurawa a allura. Mahaifinsa ne ya gina shagon, kuma ba shi da wani wurin. Sai ga labari mai daɗi: ranar Alhamis wata jami'a za ta zo daga hukumar adana gine-ginen tarihi. In ta sa hannu, shi ke nan, babu mai taɓa ko bulo ɗaya.

To, wa zai yarda baƙuwa ta same shi cikin tsufa da ƙura? Mai aski ya shafe bangonsa da fenti kore shar. Mai gyaran agogo ya manna tayil har saman taga. Tela kuwa ya fi kowa zaƙewa. Ya ɓalle tsohuwar ƙofar katako mai ɓari biyu, wadda mahaifinsa ya sassaƙa wa furanni, ya kafa ta ƙarfe mai ƙyalli. Tsohuwar kuma ya ba mai gidan burodi kyauta.

"Malam, anya kuwa?" in ji matar Tela.

"Ke dai zuba ido ki sha kallo."

Jami'ar ta iso da wani tsohon hoto a hannu. Ta dubi hoto, ta dubi layi, ta sake duban hoto.

"Baba, ko ɓatan hanya na yi?"

"Nan ne, 'yata!" Tela ya washe baki. "Gyara muka yi miki."

"Kai! Ai tsufan na zo gani. Ina ƙofar nan mai furanni? Saboda ita aka turo ni."

Ta ba su mako guda su mayar da komai yadda yake.

Mutumin da rabonsa da gudu shekara ashirin, sai ga shi ya kwasa sai gidan burodi, tef ɗin awo na lilo a wuya. Ya tarar da ɓari ɗaya jingine da bango. Ɗayan ya riga ya gasa burodin safe.

"Itace mai kyau, wallahi," in ji mai burodi. "Ko hayaƙi ba ya yi."

Mako guda ana kankare fenti ana tsokanar juna. Jami'ar ta dawo, ta daɗe tsaye gaban rabin ƙofar, sannan ta sa hannu. Layi ya kaure da murna.

Tela bai shiga murnar ba. Ya zauna a bakin shago yana shafa furannin da suka rage, kunyar mahaifinsa ta kama shi, har matarsa ta kau da kai don kada ta ga hawayensa.